Zaluncin Ba Na Curley Kaɗai Ba Ne

Wani marubuci ya yi da'awar cewa illahirin zaluncin da ke cikin littafin John Steinbeck na 1937, Of Mice and Men, daga Curley ɗan mai gona yake, 'yan cin rani kuwa ba su da alhakin kowa. To, wa ya harbe tsohon karen Candy, alhali mai karen na kwance ya ƙura wa rufin ɗaki ido, in ba Carlson ba, lebura ɗan'uwansa? Shi kuma Crooks, wanda aka keɓe a jikin bargar dawaki saboda baƙar fatarsa, da ya sami Lennie mai raunin hankali, ashe ba razana shi ya shiga yi da cewa wataƙila abokinsa George ba zai komo ba? Malam, a sake duba babi na huɗu.