Lustrum da Masu Kulle Ƙofa Ranar Ƙidaya

Akwai masu cewa tonon asalin kalmomin Latin aikin banza ne, ba ya ɗora tukunya. Ban yarda da su ba, kuma kalma ɗaya ta ishe ni hujja: lustrum. Turawa na amfani da ita da ma'anar shekara biyar.

A tsohuwar Rum, duk bayan shekara biyar, wasu manyan jami'ai biyu kan ƙidaya 'yan ƙasa da dukiyarsu. In sun gama, sai a tara jama'a a filin Mars, a kewaya su da alade da rago da bijimi, a yanka don tsarkake gari. Wannan yankan shi ne lustrum. Daga baya sunan ya koma kan shekarun da ke tsakanin yanka da yanka. Tsafinsu bai dame mu ba. Abin lura shi ne, da wannan ƙidaya ake sanin harajin mutum, da matsayinsa a soja, da nauyin ƙuri'arsa. Wanda ba a rubuta ba, babu shi.

To, 'yan'uwana na Moshi Zango, ku nake nufi. Har yau akwai gidajen da in malamin ƙidaya ya yi sallama, sai a ce mai gida ba ya nan. Na san tushen tsoron. A Nuwamban 1969 gwamnatin Busia ta ba baƙi marasa takarda mako biyu su bar Ghana, zangunan Kumasi suka rasa dangi da maƙwabta. Raunin gaskiya ne, amma ɓuya ba ta warkar da shi.

Ƙidayar 2021 ta samu mutum miliyan 30.8. Tsarin mulkin 1992 ya ce a sake duba iyakokin mazaɓu bayan kowace ƙidaya. Asusun Raya Zango da aka kafa a 2017 ma, da wane adadi za mu tsaya gabansa mu nemi makaranta ko magudanar ruwa? Mu ne za mu rage kanmu a takarda, sannan mu zauna a majalisa muna kukan an manta da mu?

Wani zai ce rabon kwaɗo ba ya hawa sama. Haka ne, amma gwamnati da littafi take rabo. In mai ƙidaya ya sake zuwa, a buɗe masa ƙofa, a faɗa masa kowa, har jaririn da ke goye.