Baƙin Yini Ɗaya: Magana A Kan Masu Yawon Teku

Maganar yau a kan wata irin tafiya ce wadda mutanen da ba su san ta ba. A zamanin da, mutum ba ya hawa jirgin ruwa sai da dalili mai ƙarfi, ko hajji, ko fatauci, ko neman ilmi, ko aikin hukuma. Har jirgin nan Aureol na kamfanin Elder Dempster, wanda ya yi ta kai da kawowa tsakanin Ingila da Ikko daga 1951 zuwa 1974, in ya tsaya a Saliyo ko bakin tekun Gana, don sauke mutane da wasiƙu ya ke tsayawa. Da jirgin sama ya kashe wannan kasuwa, sai masu jiragen ruwa suka sake dabara, suka mai da jirgin kansa wurin hutawa. Mutum ya kan biya kuɗi ya shiga, a yi ta yawo da shi mako guda ko biyu daga tasha zuwa tasha, sa'an nan a komo da shi inda aka ɗauke shi. A 2023 waɗanda suka yi irin wannan yawo sun haura miliyan 30, kuma ba inda suka fi nufa kamar tsibiran Karibiyan, inda ba a sanyi.

Girman jiragen kuwa abin mamaki ne. Wanda a ke kira Icon of the Seas, da ya fara aiki a 2024, tsawonsa ya kusa ƙafa 1,200, yana iya ɗaukar fasinja 7,600, ban da ma'aikata fiye da 2,000. Watau gari ne sosai a bisa ruwa, da kasuwarsa da gidajen abincinsa da likitansa.

To, ga yadda ziyarar tasha ta ke. Jirgi ya kan iso da sassafe, ya tashi kafin magariba ko bayanta kaɗan. Fasinja ya riga ya biya kuɗin abinci da na makwanci a jirgi, saboda haka ba shi da bukatar masauki a gari, sau da yawa ma ba ya cin abincin garin. Tun yana cikin jirgi a ke sayar masa da tikitin zagaya gari, kamfani ya ɗebi rabonsa tukuna, sa'an nan ragowar ta kai ga mai mota da ɗan jagora. Ga shi mutanen gari su ne da cunkoso da shara da gyaran tasha. Wannan shi ne kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Wani wuri ma abin ya wuce haka. A arewacin Haiti akwai wani bakin teku mai suna Labadi, wanda kamfanin Royal Caribbean ya karɓa haya tun 1986, aka kewaye shi da shinge. A watan Janairu na 2010, 'yan kwanaki bayan girgizar ƙasar da ta rushe babban birnin ƙasar, jirage suka ci gaba da sauke masu hutu a can. Gaskiya ne sun kai kayan agaji, amma mai hankali ya san wanda ya yini cikin shingen nan bai ga Haiti ba.

Hausawa sun ce tafiya mabuɗin ilmi, amma mabuɗi ba ya buɗe ƙofa sai an murɗa shi. Masu kare wannan yawo su kan ce lokaci ne gajere, me mutum zai koya cikin awa takwas? Amsarsu tana cikin labarin Ibn Batuta, mutumin Tanja. Wajen 1331 ya bi gaɓar gabashin Afirka cikin jirgin ruwa mai tafiya da iska, ya sauka Mombasa, kwana ɗaya tak ya yi a cikinta. Duk da haka ya bar labarin mazhabar mutanen, cewa Shafi'awa ne, da abincinsu na ayaba da kifi, da masallatansu na katako, da yadda a ke kawo musu hatsi daga ƙetaren ruwa. Har yau masu tarihi suna amfani da abin da ya gani a wannan kwana ɗaya. Ashe ƙarancin lokaci ba hanzari ba ne. Shi ya sauka da tambaya a bakinsa, ya shiga cikin mutane, ya ci abin da su ke ci. Matambayi ba ya ɓata, kuma ba ya komawa hannu wofi.

Maganar ta fi nauyi in aka juyo gaɓar Afirka ta Yamma, gama ƙananan jiragen yawo su kan tsaya a Dakar, da Banjul, da Takoradi, da Tema, da Lome, da Kwatano. Daga Takoradi a kan kai baƙi gidan kurkukun Elmina, wanda Turawan Fotugal suka gina a 1482, Turawan Holan suka ƙwace a 1637, ya koma hannun Ingilishi a 1872. Daga Kwatano a kan kai su Wida, tsohuwar kasuwar bayi. Masu lissafin tarihi sun ƙiyasta mutum miliyan 12 da rabi aka ɗora a jirage daga Afirka zuwa ƙasashen Amurka, kusan miliyan 2 ba su isa da rai ba. A cikin waɗanda aka fitar ta Wida da Badagiri da Ikko akwai Hausawa da yawa, waɗanda yaƙe-yaƙen farkon ƙarni na 19 suka jefa hannun fatake. An kai su Bahiya ta ƙasar Barazil, inda aka kama su da shirin tawaye a 1807. A 1835, cikin watan azumi, Musulmin birnin Salbado suka tashi, yawancinsu Yarbawa, da Hausawa a cikinsu, aka sami takardu da rubutun Larabci a jikin waɗanda suka faɗi. Wurin da ya ga fitar irin waɗannan mutane ya fi kama da maƙabarta, ko da ba a ga kushewa ba. Mai shiga yana dariya yana gyara tsayuwa don hoto, lalle ya yi rashin ladabi ga matattu.

Adalci ya wajaba a faɗi ɗaya gefen. Hutawa ba laifi ba ce, kallon teku da faɗinta kuwa abin lura ne ga mai zuciya. Akwai tsofaffi da marasa ƙarfi waɗanda in ba ta jirgin ba, ba za su taɓa ganin waɗannan ƙasashe ba. Masassaƙa da masaƙa da masu motoci su kan sami ciniki ranar da jirgi ya iso, hukumar tasha kuma ta karɓi kuɗin tsayawa. Abin da a ke nema shi ne baƙo ya san akwai haƙƙi a kansa, kuma haƙƙin nan uku ne.

Na fari haƙƙin waɗanda suka riga mu gidan gaskiya. Ya karanta tarihin tasha tun kafin a jefa anga, ya shiga wuraren baƙin ciki da natsuwa. Na biyu haƙƙin masu gari. Ya yi sallama, ya sa suturar da ta dace da al'adarsu, kada ya ɗauki hoton kowa sai da izini, ya ɗauki ɗan jagora na garin, ya ci abinci a cikinsa, ya sayi kaya hannun wanda ya yi su ba tare da karya masa farashi ba. Bahaushe kuwa in ya sauka Takoradi ko Tema, ya tambayi hanyar zango, zai iske jikokin fataken goro suna jin harshensa. Na uku haƙƙin teku kanta, wadda masunta ke ci daga gare ta. A 2016 kamfanin Princess Cruises ya amsa laifin zubar da dattin mai cikin teku a ɓoye, aka ci shi tarar dala miliyan 40 a Amurka. Saboda haka mai biyan kuɗi ya bincika halin kamfani kafin ya biya.

Hukumomin tasha su ma suna da nasu. Kada murnar ganin babban jirgi ta sa su sayar da gari da araha. Su nemi a tsawaita tsayawa, su ba 'yan gari izinin jagora, su sa ido a kan abin da jirgi ke zubarwa, su kuma hana a katange bakin teku daga masu shi.

Baƙo raɓa ne, in ji masu iya magana, da hantsi ya yi sai ya tafi. Amma raɓa ma ta kan bar laima ga shuka kafin ta bushe. Wanda ya zagaya tasha goma ya komo ba abin da ya ƙaru da shi sai hotuna da ƙiba, wannan jirgi ne ya yi tafiya, shi ɗauke shi kawai aka yi. Allah ya ba matafiya ido mai lura, ya kai kowa gida lafiya. Haza wasalam.