Harajin aiko da kuɗi: abin da Nguru da Gashuwa za su lura da shi

A ranar 4 ga watan Yulin 2025 ne Shugaba Donald Trump na Amurka ya rattaba hannu a kan wata doka da ta haɗa abubuwa biyu a jaka ɗaya: kuɗin ɗaukar sababbin jami'an shige da fice 10,000 tare da alawus ɗinsu, da kuma haraji a kan kuɗin da ake aikawa ƙasashen waje. Da farko an nemi a sa kashi 5 cikin 100, majalisar wakilai ta rage shi zuwa kashi 3.5, daga bisani majalisar dattawa ta tsayar da shi a kan kashi 1, daga ranar 1 ga watan Janairun 2026. Harajin ya shafi wanda ya kai tsabar kuɗi ne. Wanda ya aika daga asusun banki ko da katinsa ba ya biya.

Kashi 1 ba ya tayar da hankali a takarda. To sai dai ya hau kan wani nauyin ne. Alƙaluman Bankin Duniya sun nuna cewa aikawa da dala 200 zuwa ƙasashen Afirka kudu da Sahara na cin kusan kashi 8 cikin 100, mafi tsada a duniya, alhali Majalisar Ɗinkin Duniya na son a sauko da shi zuwa kashi 3 kafin 2030. Nijeriya kuwa na samun kimanin dala miliyan dubu 20 a shekara daga 'ya'yanta da ke waje.

Gaskiya ne, kuɗin da ke juyawa a kasuwannin Nguru da Gashuwa ba daga Amurka yawancinsa ke zuwa ba. Na dabbobi ne da ake shigo da su daga Jamhuriyar Nijar, da na hatsi da busasshen kifi, da ɗan abin da masu neman kuɗi a Makka ko Libiya ke aikowa gida. Abin tsoron shi ne kwaikwayo. Duk gwamnatin da aljihunta ya yi sanyi na iya ganin dabarar ta yi mata, kuma ba a manta da harajin tsaron intanet na kashi 0.5 da aka ɗora a kan tura kuɗi a watan Mayun 2024 ba, wanda aka dakatar bayan jama'a sun koka.

Fataken arewacin Yobe sun san abin da ke biyo baya. Tun da layin dogo ya isa Nguru a 1930 suke hulɗa da Damagaram a kan amana. Yau ma dillali na iya miƙa naira ga ɗan canji a Gashuwa, a buga waya, mai shanu ya karɓi sefa a Maine-Sorowa kafin la'asar. Kowane kwabo da aka ƙara wa hanyar banki, riba ce ga wannan hanyar da ba ta barin takarda, gwamnati ta rasa harajin, Babban Banki kuma ya rasa lissafin. Haka aka gani lokacin da aka rufe iyaka daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, da kuma daga Agustan 2023 zuwa Maris na 2024: fatauci bai tsaya ba, ya dai koma ɓarauniyar hanya da ƙarin tsada.

Batun albashin jami'ai kuwa, babu ɗan kasuwar da zai ƙi shi. Jami'in da ke gadin iyakar Machina cikin rairayi da zafin bazara ya cancanci albashi mai tsoka da alawus a kan lokaci, domin wanda ya ƙoshi ba ya hangen aljihun direba. Amma daga baitulmali ya kamata kuɗin ya fito, ba daga abin da ɗa ya aiko wa mahaifiyarsa ba.

Tun da Nijar ta fice daga ECOWAS a ranar 29 ga watan Janairun 2025, aikin waɗannan jami'ai ya ƙara nauyi. Ya dace ƙungiyoyin 'yan kasuwa na Nguru da Gashuwa su sanar da wakilansu a Majalisar Tarayya matsayinsu tun kafin wani ya gabatar da irin wannan ƙudiri a Abuja.