Tauri Daban, Ƙwari Daban: Iyakar Awon Ƙarfen da Tsatsa ta Ci

A shekarar 1900, injiniya ɗan ƙasar Suwidin, Johan August Brinell, ya fito da hanyar auna taurin ƙarfe: a danna ƙwallo mai tauri a jikinsa da sanannen nauyi, sannan a auna faɗin ramin da ya bari. Ƙaramin rami shaidar tauri ne. Daga baya awon Vickers ya zo da tsinin lu'ulu'u mai siffar dala. Lambar da ake samu tana da amfani, amma kuskure ne a ɗauke ta hukuncin ƙarshe kan ƙarfen da tsatsa ta taɓa.

Akwai inda awon ke tona asiri. Bututun ruwa na ƙarfen zubi, idan ya daɗe a ƙasa mai damshi, ƙarfensa kan narke a hankali, ya bar girafait, baƙin abin nan na cikin fensir. Ido zai ga bututu cikakke, alhali wuƙa ma na iya kankare shi. A nan faɗuwar tauri gargaɗi ce ta gaskiya.

Akwai kuma inda yake yaudara. A watan Maris na 2013, sandunan ƙarfe 32 daga cikin 96 suka karye a sabuwar gadar da ta haɗa San Faransisko da Oakland a Amurka, jim kaɗan bayan an ɗaure su. Bincike ya ɗora laifin a kan haidurojin da ya kutsa cikin ƙarfen ya sa masa gautsi. Tsatsa na daga cikin hanyoyin da haidurojin ke shiga, kuma ƙarfe mafi tauri shi ya fi saurin kamuwa. Shi ya sa a rijiyoyin mai masu iskar haidurojin salfayid aka ƙayyade wa ƙarfe na gama-gari iyakar tauri, 22 a ma'aunin Rockwell C. Wuce nan haɗari ne.

Ga kuma wata matsala: kafin awo sai an goge wurin ya yi sumul, don haka lambar tana bayanin ƙarfen da ya rage ne kawai, ba ta faɗin yawan abin da ya tafi.

Saboda haka duk mai sa hannu a rahoton gada, tanki ko bututu, ya kamata ya ƙi karɓar lambar tauri ita kaɗai. Sai an haɗa ta da awon kauri da na'urar sauti da kuma binciken tsaga, tun kafin fenti ya rufe shaida.