Takardun Sirrin Amurka: Shari'ar Da Aka Binne Da Ranta

Ranar 13 ga Yunin 2023 aka ga abin da ba a taɓa gani ba a tarihin Amurka, wato tsohon shugaban ƙasa a gaban kotun tarayya yana amsa tuhuma. Donald Trump ne, a birnin Miami, da tuhumce-tuhumce 37 a wuyansa, 31 daga ciki a ƙarƙashin dokar leƙen asiri ta 1917, kuma ya musanta su baki ɗaya. A wancan lokaci masu sharhi sun yi ta jinjina, suna cewa ga ƙasar da doka ta fi ƙarfin kowa. Yanzu da ƙura ta lafa, ni a ganina darasin yana wurin yadda shari'ar ta mutu, domin har aka rufe ta ba a saurari shaida ko ɗaya a kan ainihin laifin ba.

Bari mu tuna wa mai karatu asalin maganar. Tun bayan abin kunyar Watergate da ya ci kujerar Richard Nixon, majalisar dokokin Amurka ta kafa doka a 1978 cewa takardun aikin shugaban ƙasa mallakar jama'a ne, kuma da zarar ya sauka sai su koma hannun hukumar adana takardun tarihi ta ƙasa. Trump ya bar fadar White House a Janairun 2021 da akwatuna niƙi-niƙi, ya kai su Mar-a-Lago, gidansa da ke jihar Florida, wanda kuma kulob ne da baƙi ke shiga suna fita. Sai da hukumar ta yi watanni tana naci kafin a mayar mata da akwati 15 a Janairun 2022, inda aka tarar da kusan takardu 200 masu hatimin sirri. Da aka aika da sammaci, lauyoyinsa suka miƙa wasu 38 a watan Yuni, tare da shaida a rubuce cewa an bincika an kawo abin da ya rage. Amma da jami'an FBI suka shiga gidan ranar 8 ga Agusta, sai ga wasu fiye da 100.

A cewar takardar tuhuma, cikinsu akwai bayanai kan makaman nukiliyar Amurka, da wuraren da ita da ƙawayenta ke da rauni in an kai musu hari. Hotunan da masu gabatar da ƙara suka fitar sun nuna akwatuna jibge a zauren biki, wasu ma a banɗaki. Akwai kuma muryarsa da aka naɗa a Yulin 2021, yana nuna wa wasu baƙi abin da aka ce shirin kai wa Iran hari ne, yana kuma faɗi da bakinsa cewa takardar sirri ce.

Magoya bayansa sun ce duk bi-ta-da-ƙulli ne, tunda an samu irin waɗannan takardu a gidan Joe Biden da na Mike Pence ba a gurfanar da kowa ba. To amma waɗancan biyu sun miƙa nasu, sun kuma bar jami'ai suka bincika gidajensu, alhali abin da aka zargi Trump da shi shi ne ɓoyewa da sa a kawar da akwatuna bayan sammaci ya iso. Hasali ma, a tuhumar farko babu takarda ko ɗaya daga cikin waɗanda ya mayar da kansa. Duk da haka ba zan raina fargabarsu ba, domin duk inda gwamnati mai ci ta kai babban abokin hamayyarta kotu, dole a sa ido. A Pakistan an yanke wa tsohon Firayim Minista Imran Khan ɗaurin shekara 10 a Janairun 2024 kan wata wasiƙar sirri ta jakadanci, kafin wata biyar su cika babbar kotun Islamabad ta soke hukuncin. Maganin irin wannan zargi ɗaya ne, a baje hujjoji a bainar jama'a, kowa ya gani da idonsa.

Wannan kuwa shi ne abin da bai faru ba. An sa ranar fara sauraro 20 ga Mayun 2024, sai aka ɗage ba tare da sa wata ranar ba. Ranar 15 ga Yuli, mai shari'a Aileen Cannon, wadda Trump ɗin ne ya naɗa ta a 2020, ta kori ƙarar, bisa dalilin cewa naɗin mai gabatar da ƙara na musamman, Jack Smith, ya saɓa wa tsarin mulki. Ba ta ce komai ba game da ko an yi laifi ko ba a yi ba. Smith ya ɗaukaka ƙara, amma da Trump ya ci zaɓen Nuwamba sai ya janye, saboda tsohuwar ƙa'idar ma'aikatar shari'a ta cewa ba a gurfanar da shugaba mai ci. Daga baya ma hadiman nan biyu da aka tuhuma tare da shi suka sha. Shari'a saɓanin hankali, in ji Bahaushe, amma wannan ko zaman ta ba a yi ba.

Abin da ya fi damuna shi ne abin da ya samu na ƙasa. A cikin Yunin 2023 ɗin nan da aka gurfanar da Trump, wata kotu a jihar ta Florida ta ɗaure wani Laftanar Kanar mai ritaya shekara 3, wata kotun kuma ta ɗaure wata tsohuwar ma'aikaciyar FBI wata 46, su duka saboda ajiye takardun sirri a inda bai dace ba. Shi kuwa Janar David Petraeus, tsohon shugaban CIA, wanda ya ba marubuciyar tarihinsa littattafansa na sirri, tarar dala 100,000 ya biya a 2015 ya tafi gida. Iya girman rawaninka, iya sauƙin hukuncinka. Da wane ido ƙaramin jami'i zai dubi rantsuwar riƙe sirri bayan wannan?

Kada kuwa a ɗauka Trump ya ci riba kacokan. In ba shi da laifi, an hana shi damar da kotu za ta wanke shi. In kuma yana da shi, an hana Amurkawa haƙƙinsu. Ƙuri'a tana ba da mulki, amma ba aikinta ba ne auna hujja, kuma ranar da akwatin zaɓe ya zama mafakar wanda ake tuhuma, kowane ɗan siyasa mai kashi a gindi zai ɗauki takara a matsayin a mutu ko a yi rai.

Nan ne maganar ta shafe mu. Sashe na 308 na tsarin mulkin 1999 ya ba shugaban ƙasa da gwamnoni da mataimakansu rigar kariya, kuma mun sha ganin shari'ar manya tana jan ƙafa har wani zaɓen ya zo. Muna da dokar sirrin gwamnati ta 1962 da dokar 'yancin samun bayanai ta 2011, amma fayil ɗin da mai girma ya wuce da shi gida ba ya tsare sirri, ba ya kuma amsa tambayar ɗan ƙasa. Don haka shawarata biyu ce. A wajabta ƙidaya da miƙa kowace takardar ofis ga hukumar adana tarihi kafin ranar miƙa mulki, sannan a yanka wa shari'ar duk wani tsohon mai mulki wa'adin da ba za a tsallake ba. Idan ƙasa mai tsarin mulki na fiye da shekara 230 ta yi tuntuɓe a wannan wuri, mu da gemunmu ya fi kusa da wuta, ai sai mu shafa masa ruwa tun da wuri.