Takobin Kakanka Ba Kayan Gwangwan Ba Ne



Wani abu ne ya faru a majalisarmu ta bakin tasha wanda har yau bai bar raina ba. Bayan isha'i wani saurayi ya shigo da abu naɗe cikin buhu. Da ya warware, sai ga tsohon takobi da kubensa, fatar duk ta tsattsage. Wai na kakan babansa ne, ya ɗauko daga gida, kuɗin haya ya taso, akwai dillalin da ya ce yana da Bature mai saye. Don ya yi kyau a ido, ya goge shi da yashi har ya kusa shafe tambarin wata biyu da ke jikin ruwan takobin. Na ce, "Ɗana, wa ya ƙera shi? Wane yaƙi ya je?" Ya ce wallahi Baba bai sani ba.

To jama'a, ba yaron nake zargi ba. Mu nake zargi.

Ku dubi mutanen Indonesiya, ƙasar da ta fi kowace yawan Musulmi. Suna da wata wuƙa mai lanƙwasa kamar tafiyar maciji, ana ce mata keris. Masaninsu in ya riƙe ta sai ya ƙirga lanƙwasar, ya duba zanen da maƙeri ya fitar ta hanyar ninka ƙarfe kan ƙarfe, ya ƙiyasta zamaninta da yankin da ta fito. A 2005 UNESCO ta sa keris cikin kayan gadon duniya. A 2020 Holan ta mayar musu da keris ɗin Yarima Diponegoro, wanda ya yaƙi Turawan mulkin mallaka daga 1825 zuwa 1830. A nan kusa ma, a 2019 Faransa ta miƙa wa Senegal takobin da ake dangantawa da Alhaji Umaru Tal. Su suna ƙwato nasu, mu muna kai namu da hannunmu.

Wai shin namu ba su da tarihi ne? Ga takobin Bayajida a Daura, ga Gajere a fadar Katsina. Takubban da ke rataye a zaurukanmu, da yawa ruwansu daga Turai ya ƙetaro Sahara, wasu daga Solingen ta Jamus, sannan maƙeranmu suka yi musu mariƙi, dukawa suka ɗinka kube. Tambarin nan da yaron ya goge, shi ne abin da masani zai fara dubawa.

Wani ya ce min, "Malam, tarihi ake ci?" Ba a ci. Amma kuɗin haya na shekara guda ne, baɗi mai gida zai dawo, takobi kuwa ya tafi ke nan. Wani kuma ya ce ai girmama ƙarfe hanyar shirka ce. Ban ce a yi masa yanka ko turare ba, adanawa na ce. Kuma ku sani dokar 1979 da ta kafa Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa ta hana cinikin kayan tarihin da aka yi kafin 1918 sai ta hannun wanda aka ba izini. Dillali ba zai faɗa maka wannan ba.

Roƙona kaɗan ne. In ka je gida Sallah, zauna da tsohon da ya rage, ka rubuta sunan mai takobin da yadda ya same shi. Ɗauki hotonsa da kowane tambari. Kada ka kankare tsatsa, shafa mai kaɗan ya isa. In ba za ka iya riƙewa ba, ga Gidan Makama a Kano, je ka nemi shawara.

Yaron dai ya naɗe buhunsa ya tafi, bai ce komai ba. Allah Ya sa gida ya mayar da shi.