Kwamfutar wasa a zafin Diffa: a gwada kafin a biya

Abin da ya sa muka ɗauki alƙalami a wannan mako shi ne kukan wata baiwar Allah mai sayar da tattasai a kasuwar Diffa, wadda ta same mu bayan mun sauka daga shirinmu na rediyo, hankalinta a tashe. Ta ce kuɗin adashinta ta kwashe, ta haɗa da ribar tattasan bana, ta ba ɗanta jaka 450 ya sayo kwamfutar hannu irin ta wasanni, domin ya buɗe ɗan shagon da matasa za su riƙa biya suna buga ƙwallon kwamfuta, ya kuma riƙa tura wa mutane waƙoƙi da finafinai a waya. Kwamfuta ta zo fil a kwalinta. Amma da zarar an fara wasa, ba a cika minti 15 sai fankarta ta hau kuka kamar injin niƙa, jikinta ya ɗau zafi, sai ɗif, ta mutu. Mai shagon da ya sayar ya ce yaron ne ya lalata ta. Maƙwabta sun ce sammu ne, don an ga yaro zai ɗaga. Ita kuma uwa ga ta tsakiya, kuɗi sun tafi.

Wani zai ce ina ruwan ƴan kasuwa da abin wasan yara? To, mu ba mu ɗauke shi wasa ba. Tun da aka kafa dokar ta-ɓaci a jihar Diffa a watan Fabrairun 2015, aka hana hawan babur, aka kuma taɓa cinikin tattasai da na kifi na tsawon shekaru, matasa da dama da ke cin abinci da kabu-kabu suka rasa abin yi. Ga kuma ambaliyar Komadugu ta 2019 da ta 2022 da ta cinye gonakin mutane. Shagon caji da shagon wasa da na tura finafinai su ne suka riƙe wasu daga cikin yaran nan, kuma in ka bi diddigin jarin, sau da yawa daga bakin zanen uwa ya fito. Saboda haka kwamfutar da ke mutuwa jari ne ke mutuwa.

Bari mu fara da batun sammu, mu kawar da shi gefe. Kwamfutar da ta kashe kanta don zafi ba ta haukace ba, ranta ta ceta. A cikinta akwai wasu ƙananan sassa 2 da ke yin aikin: ƙwaƙwalwar da ke lissafi, da kuma katin da ke zana hoto. Masu ƙera su sun sa musu iyaka, wajen digiri 95 zuwa 105, wato kusan zafin tafasasshen ruwa. In zafi ya kusa nan sai na'urar ta rage gudu da kanta, shi ne za ku ga hoto yana tsinkewa. In hakan bai isa ba sai ta yanke wuta gaba ɗaya, don kada ta ƙone.

Kwamfutar wasa kuwa ba ɗaya take da ta ofis ba. Ta ofis cajarta wat 45 ce ko 65. Ta wasa tana ɗaukar wat 150, wata 230, wata ma har 330, kuma kusan duk wutar nan zafi take komawa, a cikin akwatin da bai fi faranti kauri ba. Abin da ke fitar da zafin shi ne ƴan bututan jan ƙarfe da fanka, wadda ke zuƙo iska ta ƙasan kwamfutar ta hurar da ita ta baya da gefe. Yanzu ku duba ƴar takardar da ke cikin kwalin, wadda ba mai karantawa. Yawancin kamfanonin nan sun rubuta cewa a yi aiki da na'urarsu a wurin da zafinsa bai wuce digiri 35 ba. Mu kuwa a Diffa da Maine Soroa da N'Guigmi, a watan Afrilu da Mayu, zafin inuwa ma yana haura 40, balle shagon kwano da ƙarfe 2 na rana. Fankar tana zuƙo iska mai zafi tana hura wa abu mai zafi, kamar mai fifita wa mara lafiya a bakin murhu.

To amma duk da haka ba za mu wanke mai sayarwa da sunan zafin gari ba, kuma a nan ne muke so iyayenmu mata su buɗe kunne. Akwai hanyar gane inda laifin yake, ba kuma sai an biya kowa ba. A kunna kwamfutar da sassafe bayan sallar asuba, lokacin da gari yake da sanyi. A ɗora ta a kan katako ko tebur tsirara, a ɗaga bayanta da ƴan murafen kwalba, a sa cajarta ta asali, a kunna wasan nan da ke kashe ta. In ta yi awa guda lafiya, to na'urar ƙalau take, wurin da ake ajiye ta ne matsala. In kuwa da sanyin safiya ma ta mutu, kuma ta ƙi tashi sai ta huce, to da ciwonta ta zo: ko fanka ɗaya ba ta juyawa, ko man da ake shafawa tsakanin ƙwaƙwalwar da jan ƙarfen ya bushe, ko ba a ɗaure ƙarfen da kyau ba. A kanga hannu a bakin ramukan iskar. Inda ba a ji iska mai zafi tana fita ba, fankar wajen ta tsaya. Akwai kuma manhajar kyauta irin su HWMonitor da ke nuna digirin a kan allo, duk yaron da ya iya kunna wasa zai iya sa ta.

Akwai wata mutuwar kuma da ba ta zafi ba. In kwamfutar tana da sanyi amma ana shiga wasa ta ɗauke nan take, a tuhumi caja ko batir. Mun sha ganin an sayar da kwamfutar wasa an haɗa ta da ƙaramar cajar ofis saboda bakinsu ya zo ɗaya. A duba lambar wat da ke jikin cajar, a gwada da wadda aka rubuta a ƙasan kwamfutar. Haka nan ƙaramin janareta da ke tari, ko batirin sola da aka ɗora wa firji da wayoyi 50, ba zai riƙe ta ba.

Mun sa ɗan wannan baiwar Allah ya yi gwajin safiyar. Kwamfutar ta mutu cikin minti 20, kuma fankar hagu ko motsi ba ta yi. Da aka leƙa ramukan da tocila sai ga ƙura daskare kamar auduga. Kwamfutar da ta yi sati 2 a hannun yaro ba za ta tara wannan ba. Tsohuwa ce aka goge, aka sa a sabon kwali.

Ba mu ce sayar da na hannu haramun ne ba. Rabin kayan da ke gidajenmu na hannu ne, kuma akwai ƴan kasuwa na gari da ke kawo su daga Kano da Maiduguri da Legas da Dubai, su gaya maka gaskiya cewa wannan an yi aiki da ita. Abin da muke ƙi shi ne a kira tsohuwa sabuwa, a karɓi kuɗin sabuwa, in ta lalace a ce laifin yaro ne. Wannan algus ne, daidai yake da sa tattasai mai kyau a bakin buhu, a cusa ruɓaɓɓe a ƙasa.

Abin mamaki, ku da kanku ba a yi muku haka a kasuwa. Wace ce a cikinku za ta sayi buhun tattasai ba ta zura hannu har gwiwa ba? Wa zai ɗauki kwalin banda bai shinshina ba? Amma da an zo kan kayan bature sai a ga kwali mai sheƙi, a ji kunyar tambaya, a ƙirga kuɗi a miƙa. Kunna kwamfuta ta nuna hoton fure ba gwaji ba ne, ko mai ciwo tana yin haka. Gwaji shi ne a sa mata wasa mai nauyi irin su EA Sports FC, wanda yara har yanzu suke kira FIFA ko da yake an canza masa suna tun 2023, a bar shi yana tafiya minti 30 a gaban mai shago, hannunku yana kan kuɗinku. A karɓi rasit mai ɗauke da lambar jikin na'urar, da kwanan wata, da kalmar sabuwa ko ta hannu, da kwanakin garanti a rubuce. Wanda ya ƙi gwaji ya ƙi rasit, ya riga ya gaya muku abin da ke cikin kwalin. Ku tuna babu wakilin waɗannan kamfanoni a bakin ƙofarmu, Yamai tana da nisan sama da kilomita 1,300, garantinku shi ne takardar hannunku da idon shaidu.

Wani kuskuren da muke gani shi ne gaggawar kai wa mai gyara. In sabuwa ce da gaske, kada a bari kowa ya sa mata sukudireba, domin da an buɗe ta mai sayarwa ya sami hujjar ƙin karɓa. A mayar da ita yadda take. Gyara sai bayan garanti ya ƙare.

Wadda kuma lafiyarta ƙalau, riƙonta ne ya rage. Mun san halin iyayenmu mata da son shimfiɗa ƙyalle mai ado a kan tebur, amma ƙyallen nan shi ke toshe hancin kwamfutar. Haka katifa, haka darduma, haka cinya. Kada a lulluɓe ta don ƙura tana cikin aiki, sai an kashe ta ta huce. Kada a sa ta a firji, kada a ɗora mata ƙanƙara ko jiƙaƙƙen tsumma, don raɓa za ta taru a ciki ta haɗa wuta. A lokacin hunturu a riƙa share ramukan da burushi mai laushi, ba da iskar mai faci ba, wadda ke zuwa da ƙarfi da danshi. A cikin wasan kansa akwai wurin rage kyan hoto da tsayar da gudunsa a kan 60, kuma wannan kaɗai yana sauke zafi sosai, masu biyan kuɗin wasa ba za su ma lura ba. In an ga ƙasanta ya kumbura ko madannai sun taso, batir ne ya lalace, a cire caja a daina aiki da ita, don irin wannan yana iya kamawa da wuta. Mai shago kuma ya haƙura da cinikin tsakar rana a watannin bazara, ya buɗe da safe da bayan la'asar.

Muna kira ga shugabannin kasuwa da reshen majalisar ƴan kasuwa na Diffa da su sa baki, su mai da rasit da gwaji ƙa'ida ga duk mai sayar da waya da kwamfuta, kamar yadda aka san mudu da sikeli a sauran layuka. Su ne ake kai wa ƙara in rigima ta tashi, to gara su tare ta tun daga tushe.

Ita dai wannan baiwar Allah ba ta da rasit. Abin da ya taimake ta shi ne direban da ya raka yaron shagon, wanda ya yarda ya tsaya shaida, da hoton ƙurar da aka ɗauka da waya. Dattawan layinsu sun shiga maganar, mai shagon ya amince zai karɓi kayansa ya mayar da jaka 300, sauran kuma ya ce sai bayan salla. Har zuwa lokacin da muke rubuta wannan, shagon yaron yana rufe.